Abin da aikin zagayawa da baƙi ke koyarwa a dandalin Marienplatz

Darasi na farko ga duk mai zagayawa da baƙi a dandalin Marienplatz na birnin Munich, a jihar Bavaria ta ƙasar Jamus, shi ne kada ya bar ido ya yanke hukunci kan shekarun gini. Baƙo na shigowa zai ɗaga kai ya ga katafaren ginin nan mai sassaƙe-sassaƙe da hasumiya mai tsawon mita 85, ya ɗauka shi ne mafi tsufa. Ba haka ba ne. Wannan shi ne sabon zauren majalisar birni, wanda Georg von Hauberrisser ya tsara da salon ginin da, aka gina shi tsakanin 1867 da 1909. Tsohon zauren yana gefen gabas, fari tas. An gina shi a shekarun 1470, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka ragargaza shi, sai a farkon shekarun 1970 aka sake ɗaga hasumiyarsa. Idan ba a warware wannan tun da farko ba, duk bayanin da zai biyo baya sai ya cakuɗe wa mai sauraro.

Sunan dandalin ma sabo ne. Kasuwar hatsi ce a da, ana kiranta Schrannenplatz, sai a 1854 ta zama Marienplatz. Ginshiƙin Maryamu da ke tsakiya kuwa tun 1638 yake tsaye. Maximilian na Ɗaya, mai mulkin Bavaria a lokacin, shi ne ya kafa shi don godiya, saboda sojojin Sweden sun mamaye birnin amma ba su rusa shi ba.

Agogon da ke jikin hasumiyar sabon zauren, mai ƙararrawa 43 da mutum-mutumi 32, shi ne inda aka fi yin kuskure. Yana wasa da ƙarfe 11 da 12 na rana, amma na ƙarfe 5 na yamma daga Maris zuwa Oktoba ne kawai, don haka wanda ya kawo baƙi da yamma a watan Janairu ya yi zuwan banza. Kada a tsaya a gindin hasumiya, wuya zai yi ciwo kuma ba a ganin komai. A ja baya zuwa kudancin dandalin. Hawan sama yana nuna bikin auren Wilhelm na Biyar, ɗan gidan sarautar Bavaria, da Renata a 1568, har da sukuwar mahaya biyu inda na Bavaria ke kayar da abokin karawarsa. Na ƙasa rawar masu ƙera ganga ce. Labarin cewa sun fito rawa bayan annobar 1517 labarin baka ne, kuma wajibi ne a gaya wa baƙi haka.