Sharuɗan Lamunin NELFUND: Wane Ɗalibi Ne Ya Cancanta?

Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar lamunin ɗalibai (wanda asusun gwamnati na NELFUND ke bayarwa) a watan Yunin 2023, an ce domin 'ya'yan talakawa aka yi ta, amma duk wanda ya karanta sharuɗanta ya san ba kowane talaka ne zai iya cika su ba. Dokar ta ce sai ɗalibin da abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sannan ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin ma'aikacin gwamnati da ya kai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki.

A ganina sharaɗin masu tsayawa ne ya fi cutarwa, domin ɗan manomi a ƙauyen Jigawa ko ɗiyar mai sayar da ƙosai ina za su samu babban ma'aikaci da zai yarda ya ɗauki nauyin bashinsu? Iyakar kuɗin ma ba ta dace da halin da ake ciki ba, tunda a lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata, wanda ke nufin miji da mata masu wannan albashi sun riga sun wuce iyaka, alhali da ƙyar suke ciyar da gida. Ga shi kuma manomi da ɗan tireda ba su da takardar albashi da za su nuna a gane ƙarfin samunsu.

A watan Afrilun 2024 aka soke waccan doka aka kafa sabuwa, wadda ta cire iyakar samu da buƙatar masu tsayawa, aka kuma buɗe shafin neman lamunin a watan Mayu. Yanzu abin da ake nema shi ne ɗalibi ya kasance ɗan Nijeriya da ya samu gurbi a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, ya kuma gabatar da lambar JAMB da NIN da BVN. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, shi kuwa ɗalibi yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Bashi ne ba kyauta ba, sai dai babu ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, da kashi 10 cikin ɗari na albashi.

Inda ake yawan maƙalewa yanzu shi ne takardu. Idan makaranta ba ta tura bayanan ɗalibi ba, ko kuma sunansa ya zo Muhammad a NIN ya zo Mohammed a BVN, buƙatarsa na iya tsayawa, don haka ya kamata a gyara wannan saɓani kafin a cike fom.