Abin da zuriyar wata marainiya ta koya mini

A karatun likita, cutar fofiriya ba ta wuce shafi biyu ba, kuma yawancinmu don jarrabawa muka haddace ta: matsanancin ciwon ciki, fatar hannu mai saurin gyambo idan ta sha rana, fitsari mai yin ja, wani lokaci har shanyewar jiki. Ni tarihin da ke bayanta ne ya riƙe ni.

A 1652 kamfanin kasuwancin Holan ya kafa zango a bakin tekun da yanzu ake kira Kef Tawun, a Afirka ta Kudu. Turawan da suka zauna noma yawancinsu gwauraye ne, don haka aka nemi a aiko musu da matan aure. A 1688 jirgin ruwa ya sauke 'yan mata takwas daga gidan marayu na Rotterdam. Ɗaya daga cikinsu, Ariaantje Jacobs, shekarar ba ta ƙare ba aka ɗaura mata aure da wani manomi, Gerrit Jansz van Deventer. Yarinya ba uwa ba uba, an kai ta bangon duniya an miƙa wa mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Shekaru fiye da 250 bayan haka, wani likita a Port Elizabeth, Geoffrey Dean, ya lura cewa wasu majinyata na mutuwa bayan an ba su maganin barci na babiturat, alhali sun zo asibiti da ƙafarsu. Ya riƙa tambayar kowa iyayensa da kakanninsa, yana bin rajistar coci da takardun gado, gida bayan gida, har zaren ya tsaya a kan wannan aure na 1688. Ɗaya daga cikin ma'auratan ne ya zo da cutar, kuma duk wanda ke ɗauke da ita, kowane ɗa da ya haifa yana tsakanin gadon cutar da tsira daga ita, rabi da rabi. A 1996 binciken ƙwayoyin gado ya gaskata shi: mafi yawan masu cutar a ƙasar tawaya iri ɗaya ce a jininsu. Yau jikokin nan dubbai ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dalilin da aikin Dean ya yiwu. Marayun Turawa suna da hukuma tasu, Majalisar Marayu, wadda aka kafa a shekarun 1670 ta ci gaba har 1834. Idan mutum ya mutu ya bar ƙanana, sai a shiga gidansa a rubuta komai, daga gona da shanu har tukwane da cokula, a riƙe wa yaran kasonsu sai sun girma. Mu da muka tashi da jin tsoron cin dukiyar maraya, dole mu yaba wannan tsari. Amma a cikin jerin kayan nan, kusa da dawaki da kujeru, akwai mutane. Bawa ba a rubuta sunan ubansa. Wani lokaci sai a laƙa masa sunan wata, Janairu ko Satumba, a ƙara da inda aka kamo shi, Bengal ko Madagaska ko Mozambik. Shi ma an raba shi da iyaye, amma a takarda shi ne gadon da maraya zai ci. Mutanen Khoikhoi kuwa, 'yan asalin ƙasar waɗanda aka ƙwace wa wuraren kiwo, agana ta 1713 ta kashe su da yawa, 'ya'yan da suka bari ba wata majalisa da ta ƙirga su. Fofiriya ta shiga cikin zuriyar waɗannan mutane ma, sai dai bin salsalarsu ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Tun daga nan na daina ɗaukar layin "tarihin iyali" a katin majinyaci a matsayin cike gurbi. A wajenmu rajistar coci ta shekara 300 babu ita, amma akwai tsofaffi. Idan aka kawo yaro da alamun sikila, uba yakan ce babu wannan a danginsu. Sai na nemi a kira kaka ta wajen uwa, in gaishe ta, in ce: "Baba, a gidanku an yi yaran da ba su daɗe ba?" Sau da yawa ita ce za ta lissafo su da sunayensu, da wanda ciwon ƙashi ke kayarwa duk lokacin sanyi, da auren zumuncin da ya haɗa gidajen biyu.