Shekarar farko a Fas, da abin da ɗan tallafin karatu ba ya faɗa wa mutanen gida

Ɗalibin Najeriya da ya samu tallafin karatu zuwa Maroko shekarar farko biyu gare shi, kuma ta biyun ce ke kayar da mutane. Ta farko ita ce ta koyon Faransanci a Rabat, ba ta da wata wahalar a zo a gani. Kuna tare da 'yan Gana da Gambiya da Saliyo, kowa lalube yake, malamai na magana a hankali saboda sun san ku baƙi ne. Hukumar AMCI mai kula da ɗaliban waje tana ba da dirhami 750 a wata a zamaninmu. Da an gama sai a rarraba ku, wani Agadir, wani Ujda, wani Tanja. Ni Fas aka tura ni, Jami'ar Sidi Mohamed Ben Abdellah, tsangayar kimiyya da ke Dhar El Mahraz.

A nan ne na gane cewa Faransancin da zai saya maka tumatir a kasuwa daban yake da wanda zai zaunar da kai a lacca. Malami zai shigo babban ɗaki cike da ɗaruruwan ɗalibai, ya kama rubutu a allo yana zuba bayani ba tsayawa. Idan ya ga 'yan aji ba su gane ba, sai ya juya zuwa Darija, Larabcin garin, ya warware musu. Su sun samu sauƙi, kai kuma daidai wurin da ka fi buƙata ne aka rufe maka ƙofa. Na yi Islamiyya tun ina yaro, na iya karanta Larabci, amma Darija ba ta san da wannan ba. Ga kuma lissafi. 'Yan Maroko da suka fito daga sakandaren kimiyya sun riga sun saba da kafa hujja a lissafi, mu kuwa mun zo da sakamakon WAEC mai kyau da gwanintar fitar da amsa cikin sauri. A can maki a kan 20 ake bayarwa, sai ka kai 10 ka tsallake, in ba haka ba ka jira jarrabawar cike giɓi. Na ga yaron da tun firamare bai taɓa sauka daga na ɗaya ba ya tsaya gaban allon sanarwa yana kallon 4 a gaban sunansa.

Faɗuwar ba ta dame ni kamar shirun da ke biyo bayanta ba. Duk wanda aka ba tallafi zaɓaɓɓe ne. An yi masa walima, an yi addu'a a masallacin unguwa, kawunnai sun rako shi tasha. Ta yaya zai buga waya ya ce, "Baba, ban gane komai a aji"? Sai ya ce lafiya lau, karatu alhamdu lillahi. Daga nan ya rage zuwa lacca, ya yini a ɗaki ƙudundune cikin bargo, ya daina zuwa inda 'yan'uwa ke taruwa don kada a tambaye shi sakamako. Sanyin Fas ma yana taimaka wa wannan ɓuya. Daminarsu a lokacin hunturu take sauka, gidajen haya masu araha ba su da abin ɗumama ɗaki, bango na tsatsafo da danshi, wanki ya kwana biyu bai bushe ba.

Su kuma mutanen gida, da sun ji an ce ƙasar waje, shi ke nan, yaro ya shiga daula. Ƙane na son waya, gwaggo na son jallabiya. Alhali kuɗin hannunsa haya ce, wuta da ruwa, tukunyar gas, burodi, sabunta katin zama, da ɗab'in takardun lacca. Na san waɗanda suka riƙa tura rabin abincinsu gida don kada a ce sun manta da iyaye. Ina roƙon iyaye da yayye, a shekarar nan ku ɗauke wa yaro wannan nauyi. In za ku kira, ku tambaye shi da wa yake karatu, ya ci abinci, yana barci.

Ni wani ɗan Maraɗi ne ya tsamo ni, yana aji uku a lokacin. 'Yan Nijar Allah ya huwace musu abin da mu ba mu da shi: da Faransanci suka yi makaranta tun daga ajin farko, ga Hausa a bakinsu. Ya ga yadda nake kwafar rubutun allo ba tare da na san me nake kwafa ba, sai ya ce, "Ƙanena, taho ɗakinmu bayan isha'i." Ya riƙa karanta min lacca layi-layi yana warware ta da Hausa, ya kai ni shagon da ake ajiye tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya hana ni fashin ajin atisaye, inda ake raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya kuma malami ke da lokacin amsa tambaya. Shi ya ce in bar zama cikin 'yan Najeriya kawai, in nemi aboki ɗan gari. Abokin da na samu ya riƙa ba ni aron littafinsa, daga baya mahaifiyarsa ta sa yana kai ni gida cin kuskus ranar Juma'a. Da na ga kwanon sai burabuskon gidanmu ya faɗo min a rai.

Masallaci ma ya riƙe ni ƙwarai. A Maroko bayan magariba da bayan asuba ana zama a karanta hizifi ɗaya tare da murya guda, kuma da ruwayar Warshu, irin wadda muka taso da ita a makarantar allo. Ranar da na fara bin su ba tare da tuntuɓe ba, wani dattijo ya juyo ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Najeriya, ya yi murna, ya ce ai yana ganin mutanenmu suna zuwa ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a cikin tsohon gari. A aji ni ne ƙarshen sahu, a nan kuwa akwai abin da na iya tun daga gida.

Ban tsallake duk darussan zangon farko ba, sai da na koma cike giɓi, zango na biyu ya zo da sauƙi. Cikin waɗanda muka zo tare akwai wanda ya maimaita shekara ya kuma gama da sakamako mai kyau, akwai wanda ya sauya fanni, akwai kuma wanda ya koma gida ba tare da ya gaya wa kowa halin da yake ciki ba sai da ya sayi tikiti. Wannan na ƙarshen har yau yana raina, domin ya fi yawancinmu ƙwaƙwalwa, kuma ɗakinsa bai fi tafiyar minti kaɗan daga namu ba.

Shi ya sa idan sabon ɗalibi ya rubuto min yanzu yana tambayar wane littafi zai saya, nakan fara tambayarsa ko ya san wani ɗan aji biyu ko uku a tsangayarsu. In ya ce a'a, sai in nemo masa lamba kafin mu yi maganar littafi.