Asabar a turbar Duwatsun Shere

Asabar, tsakiyar hunturu, Jos.

Mun fara gudu daga wajen madatsar ruwa ta Lamingo da ƙarfe 6:30, bayan gari ya waye sosai, domin a turbar dutse sai ido ya ga ƙasa kafin ƙafa ta sauka. Da asuba sanyin Jos a wannan lokaci yakan sauko kusan digiri 11, amma riga biyu marasa nauyi sun wadatar: ta ciki mai saurin bushewa, da ta sama wadda za a cire a ɗaura a ƙugu idan jiki ya ɗau zafi. Mai rigar sanyi mai kauri zai yi sharkaf da gumi tun kafin hawan farko, iskar kan dutse kuma ta same shi a jiƙe. An shafa man kaɗe a leɓe, da bakin hanci saboda haɓo, da tsakanin cinyoyi inda wando ke goga.

Minti 15 na farko sassarfa ce kawai a kan jar ƙasa. Yau akwai wani ƙanenmu da ya zo daga Kano, mai ƙarfin gudu ne a kan kwalta, amma tun a nan ya fara haki. Ba rashin horo ba ne. Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai mita 1,829. Duk numfashin da aka ja a nan bai kai na can ƙosarwa ba, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da dama daga 'yan gudun dogon zango na Najeriya suke fitowa daga Filato. Na ce masa, "Ƙanena, rufe agogon nan. Muddin za ka iya yi mini magana jimla guda ba ka yanke ba, saurinka daidai ne." A tudu, lokaci da numfashi ake aunawa. Kilomita ɗaya da ake cinyewa cikin minti 6 a gari tana iya cin 10 a nan, kuma babu laifi.

Wajen hawa, a gajarta taku, a ɗan karkato jiki gaba tun daga idon sawu, kada a lanƙwashe ƙugu har ƙirji ya matse. Inda hawan ya yi tsaye, tafiya ta fi: tafin hannu a kan cinya, ana dannawa ana hawa. Ƙwararru ma haka suke yi.

Daga sama hazo ya rufe garin, sai falalen duwatsu masu ruwan toka jere a kan juna, da gonakin acca da aka girbe, da koren lambuna can ƙasa inda ruwa yake. Mun tsaya minti 5, kowa ya ci dabino uku. Ruwan da muke ɗauka rabin lita ne ga kowace awa. Hunturu yana yaudara, gumi na bushewa nan take, mutum bai san yana zubar da ruwa ba sai ciwon kai ya zo. Idan gudun zai wuce awa ɗaya da rabi, a lita ɗaya mukan zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, shafaffe ba tsororo ba, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Gangara ce ke jin ciwo, kuma a nan na fi sa ido a kan kowa. Falalen dutse a bushe yana riƙe takalmi da kyau. Da damina ne gansakuka ke sa shi santsi. Abin tsoro yanzu shi ne tsakuwar burji da ta baje a kan ƙasa mai tauri, tana mirginawa ƙarƙashin ƙafa kamar an watsa gero a siminti, sai kuma busasshiyar ciyawa da ta kwanta ta ɓoye rami. Wanda ya tsorata yakan jingina baya ya kafa dunduniya don ya ci burki, kuma nan take ƙafa ke sulluɓewa. A bar jiki a saman ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere mai sauri, hannuwa a buɗe, ido kuma taku uku zuwa huɗu a gaba. Kambas mai shafaffen ƙasa ba na nan ba ne, ana son mai haƙora. A bar sararin faɗin babban yatsa a gaban takalmin, a ɗaure igiya har ramin ƙarshe, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan gaba har farce ya yi baƙi. Safar auduga tana riƙe gumi, ita ke kawo bororo.

Turbar ta bi ta gefen gidajen Jarawa masu shingen ƙyarana. Kada a kama ta don neman madafa, ruwanta fari yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa sai asibiti. Mun iske wani dattijo da shanunsa, muka koma tafiya. "Sannu Baba, ina kwana? A ba mu hanya?" Ya ce, "Ku bi ta hagu, 'ya'yana, akwai mai ɗan maraƙi a dama." Ba a ratsa garke da gudu, haka kare: a tsaya, a wuce a hankali. Ba a kuma shiga wannan daji mutum ɗaya, ko ba tare da wani a gida ya san turbar da lokacin dawowa ba.

Mun sauko kafin 9, rana ta fara cizo. Na gaya wa baƙonmu cewa gaban cinyoyinsa za su yi tsami gobe, jibi ya fi, saboda burkin da suka sha a gangara. Tafiyar minti 20 a shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta sassauta shi. Idan kuwa idon sawu ne ya kumbura, targaɗe ne: ƙanƙara a cikin tsumma minti 15, a ɗaga ƙafar sama, in ba ta takuwa a je a duba ƙashi.