Ziyara zuwa dutsen Tololo, inda aka gano saurin faɗaɗar samaniya

Daga birnin Santiyago zuwa La Serena da ke arewacin ƙasar Chile tafiya ce ta kusan kilomita 470, kuma na yi ta ne a motar bas, teku na ɓullowa yana ɓacewa ta hannun hagu, ƙasa kuma sai ƙara bushewa take yi. Abin da ya kawo ni shi ne dutsen Tololo, mai nisan kimanin kilomita 80 gabas da garin, wanda a ƙololuwarsa, mita 2,200 sama da teku, aka kafa cibiyar nazarin taurari tun shekarun 1960.

Da safe muka bi kwarin Elki, sannan muka saki babbar hanya muka fara hawa ta wata hanya mai yawan kwana, wadda ba na son tuna yadda gefenta yake. Ana tsaka da hawan sai ga fararen ƙubbobi jere a kan tsauni. Rashin gajimare da bushewar iska su suka sa aka zaɓi wurin, domin a mafi yawan dararen shekara sama a buɗe take.

A cikin ƙubba mafi girma na tsaya gaban madubin hangen nesa na Blanco, mai faɗin mita huɗu, na daɗe ina kallonsa saboda abin da aka yi da shi. Tun bayan binciken Edwin Hubble na 1929 an san cewa gungun taurari suna nesanta da juna, wato sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma masana sun ɗauka cewa ƙarfin janyowa da ke tsakanin abubuwa yana rage wa faɗaɗar gudu, kamar dutsen da aka jefa sama. Tawaga biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗaya kuma ta Brian Schmidt da Adam Riess, suka tashi auna wannan raguwar, kuma dukkansu sun yi amfani da wannan madubi wajen farautar wani nau'i na musamman daga cikin taurari masu fashewa da ake kira sufanoba. Hasken fashewar irin waɗannan taurari kusan ɗaya ne a ko'ina, don haka dusashewarsa takan nuna nisansa, kamar yadda mutum kan kimanta nisan mota da dare daga hasken fitilarta. A 1998 sai aka ga taurarin sun fi dusashewa fiye da yadda lissafi ya nuna, sun fi nisa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ashe faɗaɗar ba raguwa take yi ba, ƙara sauri take yi. Mutanen uku sun sami lambar yabo ta Nobel a 2011.

Abin da ke tura sararin aka laƙaba wa suna baƙin makamashi, kuma a ganina sunan ya fi nuna duhun kanmu fiye da siffar abin. Shi ne kimanin kashi 68 cikin ɗari na dukkan abin da samaniya ta ƙunsa, alhali taurari da duniyoyi da mu kanmu ba mu wuce kashi 5 ba. Jagoranmu ya bayyana mana cewa idan makamashin yana tattare da sarari ne shi kansa, kamar yadda wani adadi da Einstein ya saka a lissafinsa a 1917 yake nunawa, to ba ya sirkuwa duk yadda sararin ya buɗe, alhali sauran abubuwa suna warwatsuwa janyowarsu na raunana. Shi ya sa bai yi rinjaye ba sai kimanin shekaru biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce, a cikin samaniyar da ta kai shekaru biliyan 13.8.

A saman madubin akwai kyamara mai megafiksel 570, wadda daga 2013 zuwa 2019 ta ɗauki hoton kashi ɗaya cikin takwas na sama don bin sawun wannan makamashi. Da rana muka zo, don haka a rufe na same ta, ba abin da ake ji sai ƙugin na'urorin sanyaya. Na yi tafiya mai nisa don abin da ba a gani, kuma ko na'urar da ke nemansa ban ga tana aiki ba, amma hakan bai dame ni ba.

Da muka fito, jagoran ya nuna mana dutsen Pachon da ke daura da mu, inda sabuwar cibiyar Vera Rubin take da kyamara mai megafiksel 3,200. Sakamakon da aikin DESI, wani binciken baƙin makamashi da ake yi a jihar Arizona a Amurka, ya fitar a 2024 da 2025 ya nuna alamar cewa mai yiwuwa ƙarfin makamashin yana raguwa da tafiyar zamani, kuma na'urar da ke kan dutsen Pachon tana cikin waɗanda za su gwada wannan zato cikin shekaru goma. Kafin la'asar muka fara gangarowa, domin ba a barin baƙi a kan dutsen idan masu aikin dare sun kusa buɗe ƙubba.