Talata a Agege, ni da jiragen sama

Tun asuba babu wuta yau, zafi ya koro ni ƙofar gida na shimfiɗa tabarma, jirage kuwa sai wucewa suke ta saman kanmu za su sauka filin jirgin Murtala Muhammed, kun san mu 'yan Agege har tayoyinsu muna gani. Da la'asar sai ga ɗan kawuna da ke karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ya zo hutu, na ja shi wajen mai shayi.

Na ce masa ai ku kun huta, sama fili fetal, ba gosulo ba danfo. Yaron nan ya kwashe da dariya, ya ce "Yaya, ai sama ma kowa da layinsa." Ya ɗauki murafun kwalba biyu, ɗaya a kan tebur ɗaya a kan gwangwanin madara. Wai jirgin da ya fuskanci gabas, kamar mai tashi daga Legas zuwa Kano, ƙafa 33,000 ko 35,000 ko 37,000 ake ba shi, mai dawowa kuma 34,000 ko 36,000, to ko sun haɗu a hanya ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Tsakaninsu ƙafa 1,000 kacal, wajen mita 300 fa, ko daga nan zuwa bakin titi ya fi haka! Ya ce da can in an wuce ƙafa 29,000 tazarar 2,000 ce, sai a 2008 aka rage a Afirka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne agogon da ke gaya wa direban jirgi nisansa daga ƙasa, ashe da nauyin iska yake lissafi, iskar kuma kullum canzawa take. Shi ya sa in sun yi sama sosai kowa sai ya murɗa nasa zuwa lambar nauyin iska ɗaya, wato 1013, ko da lissafin ya ɗan kauce to duk tare suka kauce, ba mai shiga layin wani. In za su sauka hasumiyar filin jirgi ta ba su lambar nauyin iskar garin.

Mai shayi da ke ta sauraro yana soya indomi ya ce a kawo wannan doka Oshodi mu gani. Ni dai shayina har ya huce, kuma ni na biya na kowa.