Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya wa Alhazanmu a Doguwar Hanyar Bana

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhazan unguwarmu na Hajjin 2023 duk sun iso gida lafiya. Mu 'yan kwamitin bita muna miƙa godiya ga waɗanda suka sa wahalar hanyar bana ta zo da sauƙi.

Daga Kano zuwa Jidda a miƙe kusan kilomita 3,400 ne, Madina kuma ta ɗara haka kaɗan. Hanyar da aka saba ta bi ta saman Chadi da Sudan, ta haye Bahar Maliya, awa huɗu da wani abu an sauka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka koma zagaye, tafiyar ta kai wajen awa bakwai. Ƙarin nan shi ya sauya lissafin magani, da na salla, da na masu jira a gida.

Godiyarmu ta farko ga likitoci da nas-nas da suka zo bita ba tare da karɓar ko sisi ba. Su suka nace cewa maganin ciwon suga da na hawan jini ya zauna a jakar hannu, don babbar jaka tana shiga cikin jirgi ba a sake ganinta sai an sauka. Suka kuma sa a ƙidaya zaman sansanin alhazai da layin tantancewa, domin mai suga da ya yi allura bai ci komai ba yana iya faɗuwa tun kafin a hau. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda suka lallashi iyayenmu tsofaffi. Da yawansu kan ƙi shan ruwa don gudun banɗakin jirgi, ga iskar ciki busasshiya, ga zama wuri ɗaya, ƙafa ta kumbura, jini ma yana iya daskarewa a jijiya. Aka nuna musu yadda ake kulle ƙofar da inda ake danna ruwa, aka ce su tashi su taka duk bayan awa ɗaya ko biyu.

Malamanmu, Allah ya ƙara ilimi. Kun warware batun salla a sama, da cewa wanda ya sauka Madina ba ya ɗaura harami sai a Zulhulaifa, miƙatin da ke bayan garin Madina, in zai nufi Makka, tafiyar kusan kilomita 450.

Sai matasan da suka riƙe wayoyin iyalai. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, to jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa bakwai, zai sauka 5 na asuba a agogonmu, 7 na safe a nasu. Ga binciken fasfo da jiran kaya kafin alhaji ya samu layin waya. Bayanin nan da kuka yi ta maimaitawa ya kwantar da hankalin gidaje da yawa.

Direbobin da suka kwana a filin jirgin Malam Aminu Kano suna jiran dawowa, da matan da suka yi ta aiko da abinci sansani, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya kira ku ku ma, ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya.